Hancin Aro

Ranar da tukunya ta ƙone Direba ya gane hancin matarsa ya mutu.

Yana zaune a bakin ƙofa yana wanke filogin mota da fetur a cikin gwangwani. Ƙauri ya cika gidan, har maƙwabciya ta yi tari ta bayan katanga. Ita kuwa tana zaune kusa da murhu tana ɗinke bakin buhu, hankalinta kwance. Sai da hayaƙi ya gifta ta gaban idonta sannan ta miƙe. Ta sauke tukunyar, ta sunkuya a kanta, ta ja numfashi, ta sake ja. Ta waiga ta ga ko yana kallonta. Ya riga ya mai da kai kan filoginsa.

Dama shi ba mai magana ba ne. Ya ci abincin da ƙaurinsa, ya wanke hannu.

A wani gidan wannan ƙaramar magana ce. A nasu gidan, hancin nan shi ke riƙe da sana'a.

'Yarsu Auta ce ta kama hayar wani tsohon gidan burodi a ƙarshen layi, ta mai da shi wurin busar da mangwaro. Akwai ɗakin nuna, inda ake shimfiɗa ɗanye a kan buhuna. Akwai ɗakin yanka, da dogon tebur na ƙarfe da mata masu wuƙaƙe. Akwai ɗakin inji, inda ake jera yankakken a tire, iska mai zafi ta yi ta bi ta kansa har ya bushe. Daga nan a zuba a leda, a liƙe, a sa a kwali. Direba, wanda ya bar babbar mota tun da gwiwa ta fara ba shi labari, shi ke ɗauko kaya daga lambu da tsohuwar a-kori-kurarsa, shi ke kai kwalaye kanti.

Irin mangwaron da suke busarwa ba ya sauya launi. Kore yake a bishiya, kore yake in ya nuna, kore yake in ya fara lalacewa daga ciki. Ido ba ya raba su. Yatsa zai iya, amma duk inda aka latsa ya zama tabo, tabon kuma baƙi yake fitowa daga inji. In an yanka da wuri, a samu abu mai tsami da tauri kamar fatar takalmi. In an makara, ya yi duhu ya manne da leda. Tsakanin biyun nan 'yar tazara ce, kuma matar Direba ce kaɗai ta san ta. Kowace safiya takan shiga ɗakin nuna, ta ɗauki mangwaro ta kai hanci, ta ajiye shi a ɗaya daga cikin tsibi uku: na yau, na gobe, na jibi. Ba ta taɓa kuskure ba. Matan yanka suka sa mata Inna Mai Hanci, ta yi kamar ba ta so, amma in aka kira tana amsawa da sauri.

Gab da shigowar mangwaron bana ta yi wata muguwar mura. Murar ta tafi, ta tafi da abin da ba nata ba.

Mai Kanti shi kaɗai ke sayen kayansu. Mutum ne mai fara'a, irin wanda yake maka murmushi yana hana ka abu. Da Direba da Auta suka tsaya a ƙofar shagonsa, ya fito da hannu a sama.

"Baba Direba, kada ka sauke. Yau lodi za ka yi."

Aka fito da kwalayen da suka kawo a zuwan baya. Mai Kanti ya yage leda ɗaya ya zazzage a tafin hannunsa. Abin ya fito a dunƙule, baƙi-baƙi, kamar an tauna an mayar.

"Ƙanwata, duba da idonki. Wata mata ta dawo min da shi, wai tsohon kaya nake sayarwa. A gaban mutane."

Auta ta karɓa ta juya shi. Mai Kanti ya shiga ya ɗauko wata leda mai sheƙi, abin cikinta rawaya shar.

"Wannan daga ƙetare yake zuwa. Ya fi naki araha. Kuma kowane wata yana nan, da mangwaro a gari ko babu. Ke kuwa 'yan watanni ne, sai ki ɓace, ki bar min kantar shago kamar bakin mai giɓi."

"Sukari ne da launi," in ji Auta.

"Na sani. Ni ma naki nake kai wa yarana. Amma mai saye ba ya ɗanɗanawa sai ya biya, launi yake gani. Kawo min mai kyau kafin wata ya ƙare, in bar miki wurinki. In ba haka ba in cika shi da wannan. Ba faɗa ba ne."

Direba ya loda kwalayen da kansa, ya ƙi bari a taimaka masa.

A hanya Auta ta yi ta lissafa masu laifi. Ta ce wutar lantarki ce da ake ɗaukewa inji yana tsakiyar aiki. Ta ce mai gyaran inji ne. Ta ce leda ce. Duk wanda ta ambata sai ta wanke shi da kanta, don bara ma da su aka yi kuma kaya ya yi kyau. Direba ya riƙe sitiyari yana kallon hanya.

"Inna ma tausayi take ba ni," ta ce. "Duk ta rame. Na daɗe ina so ta zauna a gida ta huta."

Ya san wannan hutun. Ya gan shi bayan da 'ya'ya suka watse, kafin a buɗe wurin busarwa. Mace ta share gida, ta sake sharewa, sannan ta zauna tana kallon bango har la'asar. Ɗakin nuna ne ya tashe ta. Ya canja giya da ƙarfi, motar ta yi ƙara.

Washegari suka je lambu. Mai Lambu tsohon abokin Direba ne, sun san juna tun suna da baƙin gemu. Suka same shi a kan tsani, yana miƙo mangwaro ɗaya-ɗaya ana sawa a kwando.

"Direba, har yanzu wannan gwangwanin naka yana tafiya?"

"Ya fi ka lafiya."

Mai Lambu ya sauko yana dariya, ya goge hannu a riga. Ya ce bana iska ta kaɗe rabin fure, abin da ya tsira kuma ƙuda ya bi shi ya zuba masa tsutsa. Ya nuna musu hanyar da tayoyin tirela suka farfasa.

"Mutanen kamfanin lemo ke nan. Suna kwashe har na ƙasa, har mai tsutsa, injinsu ba ya tambaya. Duk maƙwabtana sun ba su. Ni kaɗai na rage ina tsinko muku kamar ƙwai."

Auta ta sunkuya ta leƙa kwandon.

"Baba Mai Lambu, ba rashin kunya ba. Ko dai masu taya ka suna haɗa mana da wanda ya faɗi?"

Dariyar ta bar fuskar tsohon. Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

"Shiga mota," in ji Direba.

"Baba, tambaya ce kawai na..."

"Na ce shiga mota."

Ta tafi. Direba ya tsaya a gaban abokinsa.

"Mangwaronka ba shi da laifi."

"Ka tabbata?"

"Ni nake lodinsa."

"To laifin wa?"

"Loda min."

Mai Lambu ya dube shi da kyau, bai sake tambaya ba. Da aka gama lodi ya dafa bayan motar.

"Wannan ne na ƙarshe. Bayansa sai baɗi, in muna nan."

Aka shimfiɗa kayan a ɗakin nuna. Da lokacin fara zaɓe ya yi, Inna ta fita da sassafe yadda ta saba, kafin matan yanka su zo. Direba ya ɗauki sukundireba ya bi ta. Tun da aka buɗe wurin bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba.

"Lafiya, Malam?"

"Tagar nan tana lilo."

"Tagar lafiyarta lau."

"Ke kika san taga?"

Ya juya mata baya ya kama kwance ƙusar da ba ta yi masa komai ba. Ta gefen ido yana ganinta. Ta ɗauki mangwaro, ta kai hanci, ta jira. Ta auna shi a tafin hannu. Ta kai shi wajen tsibi na farko, ta fasa, ta kai na biyu. Ta ɗauki wani. Sai ya ga babban yatsanta yana lallaɓawa a hankali zai latsa. Ita da take dukan hannun duk wanda ya latsa mata mangwaro.

"Cire yatsan."

Ta tsaya cak. Ta daɗe ba ta juyo ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Ai ka sani. Kai da filoginka."

"Tun murar?"

"Tun murar." Ta zauna a kan kwandon da aka kife. "Ko turare ba na ji. Na yanka albasa na kai hanci, ido ya yi ruwa, hanci shiru. Na je wurin likita ban gaya maka ba. Ya ce na wasu yana dawowa, na wasu ba ya dawowa."

"Ki gaya wa yarinyar."

"In gaya mata ta ajiye ni a kujera? Ta sayo min rediyo?"

Ya ajiye sukundireba a bakin taga. Ya nemi wani kwandon ya kife, ya zauna da ƙyar saboda gwiwa, ya miƙa hannu.

"Ba ni."

Ta dubi hannun, ta dube shi. Duk da halin da take ciki sai da dariya ta ƙwace mata.

"Kai? Da hancin da ya ƙare rayuwarsa a hayaƙin baƙin mai?"

"Yana aiki."

"Kai da ɓera ya mutu a ƙarƙashin kujerar motarka, sai da fasinja suka sauka suka bi hanya a ƙasa?"

"Na ji shi. Ban damu ba ne. Ba ni."

Ta ba shi. Ya kai hanci ya ja da ƙarfi.

"Ba haka ba, kamar bijimi a bakin rijiya. Kuma ba a ciki ake ji ba. Nan, inda aka tsinke shi daga reshe. A hankali. To, me ka ji?"

"Mangwaro."

"Allah ya ba ni haƙuri."

Ya ɓata rai, ya sake gwadawa. Ya rufe ido. Ta zuba masa ido.

"Fenti," ya ce. "Sabon fenti a gareji."

Ta ɗauki wuƙa ta tsaga. Cikin fari-fari ne, da tauri. Ta gyaɗa kai.

"Ƙaron ne kake ji, bai gama janyewa ba. Na jibi ke nan. Riƙe shi a kanka. Ga wani."

Fenti. Wani kuma fenti, amma ya yi nisa, kamar an fenta mota tun jiya an buɗe ƙofa. Ta ce wannan na gobe ne. Ta ba shi wani ya kau da kai da sauri, ya ce batirin da ya yi zafi. Ta tsaga, cikin ya yi laushi ya fara ruwa. Ta jefa shi a bokiti. Sannan ta miƙo masa wani, ya daɗe da shi a hanci.

"Babu fenti," ya ce.

"To me ke akwai?"

Ya sosa ƙeya, kamar wanda aka tambaya abin kunya.

"Kan jariri."

"Kan jariri?"

"Kan Auta. In an yi mata wanka aka miƙo min."

Inna ta sauke wuƙar a cinyarta.

"Ashe kana shinshinawa."

"Ba ni ake yi in riƙe. Hancina yana wurin."

Ta tsaga. Rawaya ne har ƙwallo, da ƙarfinsa, ruwa bai zuba ba. Ta yanko 'yar ƙaramar tsoka ta sa masa a baki, ba ta tambaye shi ba.

"Na yau," ta ce.

Haka suka kama. Ita ke zaɓo wanda za a gwada, don ta san wanda ya kwana kusa da bango da wanda rana ta taɓa ta taga, ta san girman da ke saurin nuna. Ta kai masa hanci, ya faɗi abin da ya ji, ta yanke hukunci. Wani lokaci ya ce jariri, ta juya mangwaron ta ga ɗan ɗigon da ƙuda ya huda, ta jefar. Da tafiya ta yi nisa sai amsarsa ta fara sauri. Jariri. Jariri. Jariri.

"Malam, ƙarya kake."

"Ni?"

"Ka haifi jarirai da yawa a ɗan lokaci. Hancinka ya gaji, komai ya zama ɗaya. Ko ba haka ba?"

Ya yi gyaran murya. Bai taɓa cewa ya gaji ba a gaban mace, ko a kan hanya mai kwana biyu.

"Ya ɗan yi sanyi."

"Ba abin kunya ba ne, ni ma yana yi min. Yana yi min a da." Ta gyara zama. "Sa hancinka a lanƙwasar hannun rigarka, ka shaƙi jikinka. Sannan ka je bakin ƙofa ka sha iska. Waɗannan na ƙarshen duk mu sake su."

Yana tsaye a bakin ƙofa da hanci a gwiwar hannu matan yanka suka iso. Doguwa ce a gaba, wadda bakinta ba ya hutawa ko wuƙa na hannunta.

"A'a, Baba Direba, kuka kake yi? Inna ta kore ka?"

"Taga nake gyarawa."

"Ku biyu kaɗai a ɗaki?" Ta juya wajen sauran. "Ku ji min tsofaffi. Mu muna nan muna neman miji, su sun samu ɗaki suna sabon aure."

"Doguwa," in ji Inna daga ciki, "in kin gama, tebur yana jiran wanki."

Da la'asar tire na farko ya shiga inji. Washegari ya fito rawaya, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, ba ya manne wa yatsa. Auta ta ɗaga yanki ɗaya a hasken taga ta ce lallai mai gyaran inji ya yi aiki wannan karon. Direba ya fita ya duba tayar motarsa.

Sai dai aikin mutum biyu da hanci ɗaya ba ya sauri. Abin da Inna take gamawa kafin a ɗaura atamfar aiki, yanzu yana kai su hantsi. Matan suna zaune wuƙa a hannu suna hira. An ɗauke wuta, janareta yana shan mai, inji babu kaya. Wata safiya haƙurin Auta ya ƙare, ta tura ƙofar ɗakin nuna ba sallama.

Ubanta yana zaune a kan kwando, ido a rufe, hannuwa a kan gwiwa. Uwarta ta tallafo mangwaro da hannu biyu ta kai masa hanci.

"Fenti, amma ya yi nisa," ya ce.

"Na gobe," in ji Inna.

Da ya buɗe ido ya ga 'yarsa a bakin ƙofa. Ya ga idonta ya tashi daga hannun uwar zuwa fuskarsa, ya koma. Yarinya ce mai kai, bai ɗauke ta lokaci ba. Ta ja baya a hankali ta fita. Can sai ga takunta da ƙarfi, ta yi sallama, ta leƙo tana kallon rufin ɗaki.

"Baba, dama ina neman wanda zai riƙa ɗaga wa Inna kwando. Ko za ka riƙa zama a nan da safe?"

Direba ya gane rufa musu asiri take yi. Ya buɗe baki zai ce to.

"Shigo ki rufe ƙofa," in ji Inna.

Auta ta shigo.

"Kada ki lallaɓa ni, ba ƙwai ba ce ni. Ubanki ya yi min shiru, ke ma za ki yi min shiru, in zauna a tsakiyarku kamar mara lafiya. Hancina ya mutu. Kayan da aka dawo da su, ni na zaɓe su. Ba inji ba ne, ba leda ba ce. Kuma ki koma ki ba Mai Lambu haƙuri."

Auta ta durƙusa a gabanta, ta kama hannunta mai danƙon mangwaro.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba? Da kin zauna a gida kin huta, ni in nemi..."

"Ba za ta huta ba," in ji Direba.

Suka juyo gare shi. Ya dubi tsibin da ke gabansa, don ya fi sauƙin kallo.

"Ni ina ji, amma ban san abin da nake ji ba. Ita ta sani. Ita ke cewa wannan, ba wancan ba. In kin raba mu, kin samu tsoho mai shaƙar fenti da tsohuwa mai kallon bango. Ba wanda zai cika miki tire a cikinsu."

Tun da aka haife ta Auta ba ta taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba. Ta goge ido da bayan hannu. Ta ɗauki mangwaro ɗaya daga tsibi, ta kai hanci, ta ajiye.

"Lambu ɗaya, mai saye ɗaya," ta ce. "Kullum su nake tsoro. Ban taɓa tuna cewa hancin ma ɗaya ne ba."

"To yanzu kin tuna," in ji Inna. "Gobe ki turo min Doguwa da sassafe. Bakinta ya yi yawa, mu ga ko hancin ya samu rabo. Ke ma ki zo, ki bar wayar nan a waje. Kafin kayan nan su ƙare ina so in ga wanda zai iya."

"In zauna ko in tafi?" Direba ya tambaya.

"Wa ya ce ka tashi? Rufe ido."

Doguwa ta zo, ta ce ita ba fenti take ji ba, sabon takalmin roba take ji. Inna ta ce ta kira shi duk abin da ta ga dama, muddin gobe ma haka za ta kira shi. Auta ta fi su duka saurin kamawa, abin da ya ba uwar haushi da daɗi a lokaci guda. Amma in an yi gardama, Direba ake miƙa wa, Inna ta yanke.

Kayan ba su yi auki ba. Tsutsa ta ci nata, waɗanda aka tsaga don gwaji sun tafi, wasu sun nuna tare an rasa tiren da za a sa su. Kwalayen da suka fito ba su rufe bayan mota ba. Ranar kaiwa Inna ta yafa mayafi ta ce za ta bi su. Ba ta taɓa ganin inda mangwaronta yake ƙarewa ba.

Mai Kanti ya yage leda, ya ɗaga yanki a haske, ya ci. Ya ci wani.

"Wannan shi ne. Ina sauran?"

"Shi ke nan sai baɗi," in ji Auta.

Ya yi murmushin nan nasa. Ya ce ba zai bar kantar sama ga kayan da za su ƙare kafin a saba da su ba. Na ƙetare zai hau sama. Nata ya sauko ƙasa, rabin kanta, kusa da biskit. Baɗi in ta zo da yawa, kuma da wuri, a sake magana.

Inna ta je ta tsaya a gaban kantar ƙasan. Ta sunkuya ta gyara ledojin da aka jera, ta juya fuskarsu waje.

"Nan ne daidai idon yara," ta ce. "Ba laifi."

Auta ta tsaya ƙarasa magana da Mai Kanti. Tsofaffin suka koma mota suka zauna. Rana ta yi zafi, gilashin gefen Inna ba ya sauka. Ta yi ta murza bakin mayafinta. Direba ya san akwai magana, ya jira.

"Malam, in tambaye ka, ka gaya min gaskiya."

"Ina ji."

"Mutum ba ya sanin kansa in hancinsa ya tafi. Ina shiga cikin mata, ina zama kusa da mutane." Ta kalli titi. "Ina wari?"

Ya duba madubi, ya duba ƙofar kanti. Ba mai kallonsu. Ya karkato da ƙyar, kujera ta yi ƙara, ya kai hancinsa kafaɗarta. Bai ja da ƙarfi ba. Ya daɗe a wurin fiye da yadda tambayar take bukata.

"Sabulu ya yi yawa," ya ce. "Ki rage."

"Shi ke nan?"

"Sauran ke ce."

Ta saki bakin mayafin. Ya gyara zama, ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta ƙi tashi. Ya sake murɗawa.